Takardar Bambaro

Da aka gama bugun shinkafa a fadamar Bunza
kowa ya ɗora buhunsa ya kama hanya,
ni na tsaya kan abin da aka bar wa shanu da wuta.
Na ciko amalanke da bambaro,
yara na bina suna tambaya ko saniya na saya.

Kwana biyu yana dahuwa da kanwa a rabin duro
har gidan ya ɗauki warin fadama.
Na kirɓa shi a tsagaggen turmin
da Inna Tumba ta daina kulawa,
na ƙara ɓawon rama don ya sami jijiya,
na tsoma rariya a kwatarniya,
na ɗago a hankali kamar mai cire jariri daga wanka.
Ruwa ya tsiyaye. Abin da ya rage
shi ne takarda, mai kauri, mai gashi,
gefenta kamar gaɓar gulbi, babu inda ya miƙe.

Ba ni da injin bugu.
Jak ɗin Arzika bakanike nake ara ran Juma'a
in ya rufe gareji zai tafi masallaci,
sai katako biyu na kwalekwalen da ya gaji da ruwa.
A kan na ƙasa nake jera kayana:
guntun homa da ɓera ya ci,
ƙayar kifi, zaren buhu, yashi, ganyen bado,
tsohon tib na babur da na yanka da reza.
Baƙi daga bagaruwa da tsatsar ƙusa,
ja daga karan dafi,
shuɗin kuwa roƙo na yi wajen wani marini.
In shafa, in kifa takarda, in danna
har katako ya yi kuka.

Ba na sanin abin da zai fito.
Nan daɗin yake, nan ciwon yake.
Goma sha ɗaya sun fito kamar an ɓarar da miya.
Ɗaya ta manne ta yage,
ranar na ci tuwo ban san na ci ba.

Ta sha uku ce Arzika ya tarar.
Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa:
"Wanga hoton mi na? Ba kifi, ba mutum, ba icce.
In gajimare na, ina sama?"
Na ce ba hoton komai ba ne.
Ya ce, "Ashe jak ɗina wahalar banza ya sha,"
ya saɓa abinsa ya fita yana dariya.

Na shanya ta a igiya tsakanin zannuwa.
Da la'asar Inna Tumba ta fito alwala,
ta tsaya, buta ta karkace, ruwa na zuba a ƙafarta.
Idonta ya yi yana, sai ta kai yatsa
ta bi wani jan layi da ya ratsa shuɗin,
daidai inda tib ya zame ba da sona ba.

"Nan ruwa ya tsaya," in ji ta.
"Bangon ɗakin Manu ne, shekarar da gulbi ya shigo gari.
Ga inda laka ta bushe ta dare.
Ga homarsa nan rataye."

Ban san Manu ba.
Ɗakin ya faɗi kafin a yanka ragon sunana.
Na buɗe baki in ce kuskure ne, Inna, zamewa ce,
sai na rufe.

Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta ce in ba ta ba.
Ta cire ta daga igiya da ɗanshinta,
ta wuce ɗaki, ta manta butar a tsakar gida.

Juma'a bakwai ke nan
ina jera homa da yashi yadda na jera su ranar,
ina sassauta tib, ina karkata katako,
ina roƙonsa ya sake zamewa.
Ya ƙi.